Minti Tara na Duhu

Ni ne mai guduma da ƙusa,
ni ne mai tsani.
Sunana ba ya jikin bango,
amma duk abin da ya tsaya daidai a ɗakin nan
idona ne ya tsayar da shi.

Ranar Talata Usaina ta iso da amalanke biyu:
murafen tukwane tamanin da ɗaya,
ƙofar firji, sarƙar keke,
da wata fitilar ƙwai da ta manta warin kananzir.
Ta ɗinke su da wayar tagulla
kamar mai gyaran tsohuwar ƙwarya,
ta ce in rataya daidai kafaɗar mace
in ta durƙusa hura wuta.
Na durƙusa, na auna da tawa.
Ta sa wa aikin suna Abin da Aka Ci.

Tankari, da ya auna mata su a Katako,
kilo dala arba'in,
ya zo buɗewa cikin rigarsa ta Juma'a.
Ya tsaya gaban wani murfi lotsattse,
ya miƙa hannu,
Hamani mai gadi ya ce ba a taɓawa.
Ya mai da hannun aljihu,
ya ce, can ƙasa-ƙasa,
"Shekara uku a kansa nake zama."

Bayan isha'i kuma ni ne mai majigi.
Kujera ɗari biyu a tsakar fili,
mutum goma sha ɗaya, har da ni,
jemagu na ta ratsa hasken.
Madam Cima ke zaɓen fim.
Ba ta son na duka, ba ta son na rawa,
ta ce mai gaggawa ya nufi gidan ƙwallo.

Na daren nan, wata mata ce a bakin kogi
tana jiran kwalekwale.
Ba ta ce uffan ba. Ruwa na tafiya.
Wani ɗalibi daga Haro Banda na rubutu a kan gwiwa.
Mai gyaɗa ta sauke faranti,
ta zauna a kujerar ƙarshe, rabin zama.

Sai wuta ta ɗauke.

Na yunƙura zan ruga wurin inji,
na ji shiru.
Ba tsaki, ba mai haska waya.
Sun ɗauka dare ne ya yi wa matar,
suka zauna taya ta jira.

Kwaɗin Yamai suka karɓi aikin.
Wani babur ya haye gada, ya yi nisa.
Iskar kogi ta bi ta ƙofar da na bari a buɗe,
murafen Usaina suka shiga gaisawa da juna,
kamar ana wanke-wanke a gidan maƙwabta
bayan an sallami baƙi.
Na tsaya da hannu a kan igiyar inji,
na ƙirga numfashina.

Minti tara.
Na ja, inji ya yi tari, ya kama.
Ga ta nan inda muka bar ta,
zanenta ya ɗan jiƙe a baki.

Da aka tashi ɗalibin ya riƙe hannuna,
wai wurin duhun nan shi ne zuciyar fim ɗin.
Madam Cima ta dube ni,
ni kuma na dubi tsani.

A bakin ƙofa Tankari ke tambaya:
"To, jirgin ya zo cikin duhun, ko kuwa?"
Mai gyaɗa ta gyara gammo, ta ce,
"Ya zo. Ita ce ba ta shiga ba."

Gobe za a maimaita, ƙarfe tara.
An ce wuta za ta zauna.
Na shafa wa makunnin mai,
kada ya yi ƙara.